Makullin Audi da Lambar Kofur Ya'u

Duk wanda ya zauna a Agege wajen Zango, in dai ya taɓa mallakar rediyo ko talabijin, to ya san Audi mai gyara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma, ga wani tabarau da ya ɗaure masa ƙafa ɗaya da jar waya. A Legas aka haife shi, a Legas aka haifi uwarsa. Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, in kuma ya juya Hausa sai sababbin zuwa daga Arewa su yi ta tsokanarsa, don ba ya rufe magana sai ya ce "abi". Shagonsa yana kan hanyar Oke-Koto, tsakanin mai facin taya da wata mai sayar da burodi. Mutum ne mai barkwanci, ko rediyonka ya mutu murus sai ya sa ka dariya kafin ya gaya maka. Amma tun shekarar da soja suka miƙa mulki dariyar nan ta ɗauke, kuma ba siyasa ce ta ɗauke ta ba. Mahaifinsa ne.

Kofur Ya'u, haka kowa yake kiran tsohon, har 'ya'yansa in ba ya kusa. Yana saurayi ya tafi yaƙin Bama, ya dawo da ransa, ya yi shekara talatin yana tsaron mahaɗar titi da layin dogo ta Pen Cinema. Shi ne mai sauke shinge in jirgi ya taho, shi ne mai korar masu talla daga kan layi da jan ƙyalle. Ya tsufa da ƙarfinsa, bayansa miƙe kamar taɓarya. Sai mantuwa ta shigo masa a hankali. Ya fara manta inda ya ajiye carbi, ya koma manta ya ci abinci, har ranar da ya dubi Audi ido cikin ido ya ce, "Samari, wa kake nema a gidan nan?" Audi ya shiga bayan gida ya yi kukansa, ya wanke fuska ya tafi shago.

Da mantuwar ta tsaya nan, da da sauƙi. Abin da ya hana Audi sukuni shi ne, da la'asar ta yi sai tsohon ya gyara hula ya nufi layin dogo, wai zai kama aiki. Ƙafarsa kuwa ba ta manta hanya ba ko kaɗan. Kunnensa ne ya mutu, da ƙyar yake jin wanda ke tsaye a gabansa, balle ƙahon jirgi daga nesa. Sau biyu masu sayar da barkono a bakin layi suna dawo da shi. A karo na uku wani ɗan okada mai suna Bonat, mutumin kudancin Kaduna da ke haya a gidan, shi ya fizge shi daga tsakiyar layi, jirgin ya wuce da takalmin tsohon ƙafa ɗaya. Bonat ya kawo shi gida, ya ce, "Oga Audi, wallahi saura taku biyu. Ni ban san yadda aka yi na kai gare shi ba." Kofur Ya'u kuwa sai faɗa yake yi, wai an hana shi aikin gwamnati.

Gidan nasu tsohon gida ne mai dogon zaure, 'yan haya dama da hagu, ƙofar waje ba ta rufuwa daga asuba har bayan isha'i. Can ƙarshen zauren akwai ƙofar ƙarfe. In ka wuce ta ka shiga sashen iyalin: ɗakin Kofur, ɗakin Audi da matarsa Fiddausi, da 'yar tsakar gida mai bishiyar gwaba. Wannan ƙofar aka fara sa wa kwaɗo. Kai, kwaɗon nan ya ga rayuwa! Fiddausi tana sayar da zoɓo da kunun zaƙi a ƙofar gida, sau ashirin take shiga da fita a yini, ba ta iya yawo da makulli a hannu. In ta rataye shi a ƙusa Baba ya gani. In ta sa a ƙarƙashin turmi Baba ya gano. Mutumin da ya manta sunan ɗansa, amma makulli ko a cikin buhun gari aka binne shi sai ya tono shi. Wata rana ma ya buɗe ya fita, ya mayar da kwaɗon ya datse ta waje, ya bar Fiddausi a ciki tana dukan ƙofa tana ihu.

Ranar ce Zuliha, yayar Audi da ke aure a Mushin, ta zo ta zauna a kan tabarma ta ce ita dai ta gaji da zaman fargaba.

"Audi, mu gaya wa kanmu gaskiya. Sarƙa za a sa masa a ƙafa, a ɗaure jikin gwabar nan. Doguwa, yadda zai kai ɗaki ya kai bayan gida. Mutane suna yi."

"Haba Yaya! Baba fa? Kamar akuya?"

"To ka fi son a kawo mana shi a buhu? Ni ma ubana ne. Kana ganin ba na kuka ne?"

Audi ya sunkuyar da kai. Ya san ba mugunta ce ta sa ta faɗi haka ba, tsoro ne, irin wanda yake cin sa shi ma. Ya ce ta ba shi sati biyu, zai yi wa ƙofar makullin da ba shi da ɗan makulli. Zuliha ta ce ta ji, amma ya riƙe wannan: in Baba ya sake fita ko sau ɗaya, da kanta za ta zo da sarƙar, kuma ba za ta nemi shawarar kowa ba.

Bai taɓa ganin irin makullin da idonsa ba. A wata tsohuwar mujallar masu gyara ya taɓa ganin zanensa, ya riƙe a ka. Ya shiga motar danfo zuwa kasuwar kayan mota ta Ladipo ya sayo abin nan da ke jan sakatar ƙofar mota, da rile guda huɗu. Rile kuwa ɗan akwati ne baƙi, bai fi kwalin ashana ba, in wuta ta shige shi sai ya ce ƙas, ya haɗa wata waya da wata. Ya ciro ƙananan maɓallai ashirin daga matattun talabijin da suka cika masa shago, goma na ciki goma na waje, ya jera su a kan katako, ya rubuta musu sifiri zuwa tara da farin fenti. Bonat ya kawo masa batirin babur, ya ƙi karɓar ko sisi.

Dabarar ba ta da wuya in an gane ta. In ka danna maɓallin farko na gaskiya, rile na farko ya kama, ya miƙa wuta ga maɓalli na biyu. Ka danna na biyu, rile na biyu ya kama, ya miƙa gaba. Haka har na huɗu, shi ne zai ja sakata ƙofa ta buɗe. Sauran maɓallai shida kuwa duk ya haɗa su a waya guda, kana taɓa ɗaya daga cikinsu rile duka su saki, sai ka faro daga farko. In an turo ƙofar, sakata ta koma da kanta. A faɗe kenan. A aikace kuwa ya sha wuya. Rile na biyu ya riƙa kamawa yana saki kamar mai shaƙuwa, sai da ya kwana uku kafin ya gano wayar da ya juya. Abin jan sakatar ya yi zafi ya narke, ya koma Ladipo ya sayo wani. Masu rediyo suna zuwa suna zagi suna komawa, shi ko a jikinsa.

Ba irin tsoron da bai ji ba a sati biyun nan. In an ɗauke wuta fa? To batir zai riƙe, ya gwada ya ga yana kai kwana huɗu. In ruwan sama ya shiga maɓallan fa? Ya yi musu rumfa da gwangwanin madara. In ɓera ya ci waya fa? Ya zura su cikin bututun roba. In gobara ta tashi Baba yana ciki fa? Wannan kam bai sami amsarta ba, sai dai ya ce Allah ya kiyaye ya ci gaba da aiki. Yana salla tunanin waya yake yi, har ya riƙa rasa raka'a ta nawa yake.

Saura lamba. Irin wannan makulli ba a sauya masa lamba da baki, da dalma ake liƙa ta, kowane maɓalli da wayarsa zuwa rilensa. Kuma maɓalli ɗaya ba ya yi wa rile biyu aiki, saboda haka dole alƙaluman huɗu su bambanta. Ya gwada shekarar haihuwarsa, ɗaya ta fito sau biyu. Ya gwada shekarar aurensu, takwas ta fito sau biyu. Lambar gidansu kuwa kowa ya san ta. Yana tsaye da ƙarfen dalma a hannu, yana neman lambar da ko a gigice ba zai manta ba, sai bakinsa ya fara wata 'yar waƙa da kansa. Tun suna yara, in Kofur zai yi musu wanka ko zai tashe su sallar asuba, da lambarsa ta soja yake yi, da Turancin bariki: "Tiri, fo, sabin, tu, nayin!" Uku, huɗu, bakwai, biyu, tara. Audi ya yar da ukun farko, ya liƙa huɗu, bakwai, biyu, tara. Duk sun bambanta. Ya ma ji daɗi, ya ga kamar ya girmama tsohon ne. Ko kusa bai kawo komai a ransa ba, don shekara biyu kenan rabon da a ji lambar nan a bakin Baba.

Ya kafa makullin ranar wata Juma'a. Ya koya wa Fiddausi, ya ce ta riƙa kare hannu da mayafi in za ta danna. Ta danna, aka ji ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, sakata ta ja baya. Ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Malam, ashe kai ma Bature ne ba mu sani ba." 'Yan haya suka yi layi suna gwadawa, kowa ya danna shirmensa ƙofa ta yi banza da shi. Kofur Ya'u ya zo da la'asar, ya laluba inda kwaɗo yake bai samu ba, ya taɓa maɓalli biyu uku, ya tura ƙofa, ya koma gindin gwaba ya zauna. Washegari ma haka. Bayan sati guda ya daina zuwa.

Wata huɗu cur ƙofar nan tana riƙe. Zuliha ta zo ta gani ta sa albarka. Fiddausi ta fara zuwa kasuwa ba tare da waiwaye ba. Audi kaɗai ne hankalinsa bai kwanta ba. Kullum da safe sai ya ɗora mitar auna wuta a kan batir, sau biyu a yini yakan baro shago ya zo ya taɓa ƙofar ya koma. In ya ji ƙahon jirgin yamma daga shago, hannunsa yakan tsaya cak a kan aiki har sai ƙarar ta ɓace.

Sai ranar Lahadin nan ta ƙarshen Janairun 2002, wadda ba wanda ya kwana a Legas zai manta da ita. Ana tsakiyar gasar ƙwallon Afirka, kowa yana son talabijin ɗinsa ya tashi, shi ya sa Audi ya buɗe shago ran Lahadi. Fiddausi ta ba Baba abinci, ta bar masa ruwa a buta, ta turo ƙofa ta tafi suna a Mushin. Karo na farko kenan da aka bar tsohon shi kaɗai a sashen yini guda. Audi ya ce zai dawo da la'asar, wani mai talabijin ya tsare shi yana roƙo, ya ce to bari ya ƙarasa wannan ɗaya.

Ƙarar farko ta zo kamar an jefo tanki daga sama. Kwalaben mai burodi suka zube. Kafin a ce mene ne, ta biyu ta biyo, ƙasa ta girgiza, talabijin biyu suka faɗo daga kanta. Sama ta yi ja ta wajen Ikeja. Daga baya ne aka san ma'ajiyar makamai ce ta bariki ta kama da wuta. A lokacin kuwa wa ya sani? Wani ya ce juyin mulki ne, wani ya ce yaƙi ne, wata mata tana ihu da Yarbanci wai duniya ce ta tashi. Titi ya cika da mutane, kowa gudu, wasu ba takalmi, wasu da yaran da ba nasu ba.

Audi bai rufe shago ba. Abu ɗaya ne a kansa: na kulle ubana. In wani abu ya faɗo a kan rufin nan, in wuta ta kama, ba mai iya buɗe masa, 'yan haya ba su san lamba ba, ƙofar ƙarfe ce, shi da hannunsa ya ƙara mata ƙarfi. Jama'a suna gudu suna barin wajen Ikeja, shi yana kutsawa ta cikinsu a karkace, ana bangaje shi yana tashi. Tabarau ya faɗi bai tsaya ɗauka ba. "Innalillahi, innalillahi," shi ke nan abin da bakinsa yake iya faɗa. Ya tsine wa mujallar nan, ya tsine wa wayonsa.

Ya faɗa zauren gida, ba kowa, ɗakunan haya duk a buɗe. Ya kai ƙarshe yana miƙa yatsa zai danna, sai ya ga ƙofar a wangale. Ya duba ɗaki, ya duba bayan gida, ya duba gindin gwaba. Buta tana nan, kwanon abinci yana nan. Jar hular Baba ba ta kan ƙusa.

Ɗazu yana tsoron Baba yana ciki, yanzu ga shi yana roƙon Allah da ma yana cikin. Tsoho ɗan shekara tamanin, kurma, a cikin wannan turmutsitsi! Ya juya ya nufi Pen Cinema, don ba shi da wani wurin da zai nufa.

Can ya same shi, rana tana gab da faɗuwa. Mutane suna ta kwarara a kan titi, wasu suna neman su bi layin dogo su miƙe. Kofur Ya'u yana tsaye a bakin layin, ƙafafu a ware, jar hularsa a hannu yana kaɗawa, yana daka tsawa da muryar da Audi ya yi shekaru bai ji ba: "Ba ta nan ba! Ku bi titi! A sauka daga layi!" Abin mamaki, wasu suna bin maganarsa. Duk lokacin da wata ƙara ta tashi mutane su durƙushe, shi ko gezau. Audi ya rungume shi ta baya yana kuka wiwi. Tsohon ya fizge ya ce, "Kai kurtu, sake ni! Ba ka ga ana aiki ba?" Da ƙyar ya lallaɓa shi, ya ce masa an busa tashi, sannan ya yarda suka taho gida.

Fiddausi ba ta samu dawowa ba sai da safe, ita da Zuliha, a ƙafa suka yi rabin hanyar. Aka rungumi juna aka yi hamdala. Da Zuliha ta ji Baba ya fita, sai ta ɗauki mayafinta. Ta koma Mushin, ta dawo bayan azahar da baƙar leda, ta ajiye a gindin gwaba. Kowa ya ji ƙarar abin da ke ciki.

Audi kuwa tun safe yake durƙushe a gaban makullinsa. Batir cike yake. Ba wayar da ta tsinke, ba a ɓalle sakata ba. Ya ce ko girgizar ƙasa ce ta sa rile suka kama, ya ɗauki taɓarya ya doki bango, ba abin da ya motsa. Ya tambayi Fiddausi ko ta taɓa dannawa a gaban Baba ba ta kare hannu ba, ta rantse har da hawaye. Abin ya ɗaure masa kai, kuma rashin sanin ya fi komai tayar masa da hankali, don abin da ba ka san yadda ya lalace ba, ba ka san yadda za ka gyara shi ba.

La'asar ta yi. Suna zaune su uku, sai Kofur Ya'u ya fito daga ɗaki da hularsa a kai. Ya taka har gaban ƙofar, ya haɗa ƙafa, ya ƙame, ya sara wa allon maɓallan kamar yana gaban hafsa. Sannan ya ɗaga murya, yana faɗa yana dannawa da yatsa ɗaya: "Tiri! Fo! Sabin! Tu! Nayin!" Ukun farko ba ta yi komai ba, don babu rilen da ya kama balle ya saki. Sauran huɗun kuwa, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Sakata ta ja baya.

Audi ya dafe kai da hannu biyu. Kash! Ashe shi da kansa ya miƙa wa tsohon makulli. Ƙarar bama-baman jiya ce ta tayar da sojan da ke kwance a cikinsa, soja kuwa in an tare shi a ƙofa, lambarsa yake bayarwa.

Zuliha ta tare Baba ta dawo da shi, ta juyo tana huci. "Duk lambobin duniya ka rasa wadda za ka sa sai tasa? Kai wane irin mutum ne, Audi?" Ta jawo ledar.

"Yaya, don Allah. Waya huɗu ce kawai. Ki ba ni rabin awa."

Ya kunna ƙarfen dalma, ya cire wayoyin, ya liƙa wata lamba da ya tsinto a jikin wata danfo, wadda ba ta da dangi da kowa a gidan. Ya gwada tsohuwar, shiru. Ya gwada sabuwar, ta buɗe. Zuliha ta ce za ta kwana ta gani da idonta, in ta riƙe gobe, to ta mayar da kayanta.

Washegari Audi bai je shago ba. Tun azahar yake zaune a kan benci yana kallon inuwar gwaba tana tafiya. La'asar na yi Kofur ya fito, hula a kai, har ya goge takalmi. Ya ƙame, ya sara, ya faɗi lambarsa yana dannawa. Ba abin da ya motsa. Ya ɗan tsaya. Ya gyara tsayuwa, ya sake sarawa, ya sake faɗa da ƙarfi, ko a ganinsa ba a ji shi ba ne. Shiru. A karo na uku muryarsa ta sauka, yatsansa yana tsayawa a kan kowane maɓalli kamar yana tambayarsa. A na huɗu ya kai "sabin" ya tsaya, ya koma farko, ya rikice, ya sa biyu kafin bakwai. Audi yana gani kafaɗun nan da ba su taɓa rusunawa ba suka sauko.

Tsohon ya juyo. Bai yi faɗa ba, bai doki ƙofa ba. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya dubi Audi, ya yi tambaya a hankali, irin ta ƙaramin ma'aikaci a gaban babba:

"Ranka ya daɗe, an sallame ni ne? Laifin me na yi?"

Fiddausi ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Zuliha, mai sarƙa, ita ta fara fashewa da kuka. Makulli ya yi aikinsa, ƙofa ta riƙe, Baba ba zai kai layin dogo ba. Amma mutumin da ya rasa sunan matarsa da na 'ya'yansa, abu ɗaya tak ya rage masa da ya tabbata nasa ne, ga shi ɗansa ya sa ƙofa ta ƙaryata shi. Audi ya ji kamar ya mari ubansa a bainar jama'a.

Ya miƙe ya ce, "A'a, Kofur. Ba a sallame ka ba. Na'urar ce ta sami matsala, yanzu za a gyara." Ya kunna ƙarfen dalma. Zuliha ta share ido ta ce, "Audi, ka san abin da kake yi kuwa?" Ya ce ya sani. Ya mayar da wayoyin huɗu inda suke, ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana tsaye a kansa yana jira. Da ya gama ya matsa gefe. Kofur Ya'u ya mayar da hula, ya ƙame, ya ba da lambarsa, ƙofa ta buɗe masa. Ya fita, Audi ya bi bayansa. Zuliha ta ɗauki ledarta ta koma Mushin da ita ba a kwance ba.

A satin nan Audi ya saki shagon Oke-Koto, ya kwaso teburinsa ya kafa a cikin zaure, taku uku daga ƙofar ƙarfen. Rabin masu kawo masa gyara suka watse, don wa zai shiga lungu neman mai rediyo? Bai kula ba. Ya ƙara wa rile na huɗu 'yar ƙararrawa, ya bar komai yadda yake. Tsoron bai tafi ba, kada wani ya ce ya tafi. Ko bayan gida zai shiga sai ya kira Fiddausi ta tsaya a zaure, kuma kunnensa kullum yana kan ƙofar nan, yana ƙirga ƙas ɗin farko, na biyu, na uku.

Da ƙararrawa ta kaɗa sai ya ajiye ƙarfen dalma, ko a tsakiyar aikin wa yake, ya bi tsohon a baya har Pen Cinema. Masu barkono sun saba, har benci suke ajiye musu nesa da layi. In jirgin yamma ya doso, Audi yakan matso ya riƙe gefen rigar Baba, ya damƙe da ƙarfi har sai taragon ƙarshe ya wuce. Tsohon bai sake sanin ko shi wane ne ba. Amma kullum, da ya hango hayaƙin jirgi, sai ya miƙa hannu ya tare ƙirjin Audi ya tura shi baya.

"Kurtu, matsa daga layi. Kana da iyaye kuwa? Ka san halin da za su shiga?"

Audi ya ce, "Na sani, Kofur." Ya ƙara damƙe rigar.